Yadda Ake Gyara Shafin Intanet na Gwamnati Don Makaho Ya Yi Amfani da Shi Ba Ɗan Jagora

Neman aikin gwamnati, biyan haraji, sabunta fasfo, duba sakamakon jarrabawa, rajistar kamfani, kusan duk sun koma intanet. Idan shafin wani shago ya gagari mai saye, sai ya koma shagon gaba. Hukumar da ke ba da fasfo kuwa guda ɗaya ce, kuma shafinta ɗaya ne. In ya gagari makaho, abin da ya rage masa shi ne ya sa a kai shi kafe, wato shagon intanet, ya zauna kusa da yaron da bai sani ba, ya karanto masa lambar NIN, da BVN, da lambar sirrin imel ɗinsa, a gaban duk wanda ke cikin shagon. Wannan ce ɓarnar da muke son toshewa, kuma mafi yawan gyaran ba ya buƙatar sabon kasafi. Abin da yake ci shi ne lokaci da kulawa.

Ba alfarma ba ce kuma. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, Nijar ta riga ta tun 2008, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet da sunanta. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. A wasu ƙasashen maganar ta kai gaban alƙali. Wata makauniya a Kanada, Donna Jodhan, ta kai gwamnatin tarayyar ƙasar ƙara saboda ta kasa cike fom ɗin neman aiki a shafin gwamnati, kuma a 2010 kotu ta ba ta gaskiya, ta ba gwamnati wata 15 ta gyara shafukanta.

Ma'aunin da duniya ke bi wajen sauƙaƙa shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman sunansa WCAG, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ce ke fitar da shi. Na baya-bayan nan shi ne 2.2, wanda ya fito a Oktoban 2023. Yana da hawa uku, A da AA da AAA, kuma na tsakiyar, AA, shi ne gwamnatoci suka fi ɗauka a matsayin wajibi. Shi za ka sa a gaba.

Mataki na farko: saurari shafinka

Kafin ka taɓa komai, ka ji abin da makaho yake ji. Makaho na amfani da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya, ko ta tura shi zuwa na'urar rubutun makafi da yake shafawa da yatsa. A kwamfuta mai Windows akwai NVDA, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta. Akwai JAWS, ita ta kuɗi ce. Wayar Android na da TalkBack, iPhone na da VoiceOver.

Sauke NVDA, ka buɗe shafin ma'aikatarku, ka ture linzamin kwamfuta gefe, ka rage hasken allo har ya kusa mutuwa. Danna H, za ta tsallaka da kai daga wannan kan magana zuwa na gaba. K na kai ka mahaɗi na gaba (rubutun da ake dannawa ya kai mutum wani shafi), F gurbin fom, B maɓalli, T jadawali. Tab na bi ta kan duk abin da ake iya dannawa. Insert da F7 tare na fito maka da jerin mahaɗai da kanun shafin gaba ɗaya. In surutun ya ishe ka, Ctrl na tsayar da ita. Bayan nan ka ɗauki waya ka kunna TalkBack daga saituna: shafa yatsa zuwa dama na kai ka abu na gaba, taɓawa sau biyu na buɗe shi. Kada ka tsallake wayar, domin yawancin mutanenmu da ita suke shiga intanet.

Abin da za ka gane cikin 'yan mintuna shi ne manhajar ba ta ganin kwalliya. Abin da aka rubuta a ƙarƙashin shafi, cikin HTML, harshen da ake gina shafi da shi, shi take karantawa. Rubutun da aka ƙara wa girma aka yi masa kauri ba kan magana ba ne a wurinta, hoton da ke ɗauke da rubutu kuma hoto ne kawai.

Mataki na biyu: jera buƙatun mutane

Shafin ma'aikata na iya ɗaukar dubban shafuka, ba za ka gyara su rana ɗaya ba. Zauna da ma'aikatan da ke karɓar jama'a, ku rubuta abubuwa biyar ko shida da suka fi kawo mutane: cike fom, biyan kuɗi, sauke takarda, duba suna a jeri, neman lambar waya. Kowanne ka bi shi daga shafin farko har zuwa rasit, da kunne da madannai kaɗai, kana rubuta duk inda ka maƙale. Tarihin ma'aikata da hotunan tsofaffin kwamishinoni su jira.

Mataki na uku: ƙashin bayan shafi

Kowane shafi ya sami sunansa na kansa a cikin title, domin shi ne abu na farko da manhaja ke furtawa. “Biyan harajin fili, mataki na 2 cikin 4” ya fi a ce duk shafuka suna ɗauke da sunan ma'aikata kawai.

Kan magana babba guda ɗaya, h1. Rassansa h2, rassan rassa h3, ba tare da tsallake ba. Makaho da kanu yake leƙa shafi kamar yadda mai gani ke yi da ido, saboda haka kada a zaɓi h4 don kawai girmansa ya yi wa mai zane daɗi. A raba shafi da header da nav da main da footer, sannan a sa mahaɗi ɗaya a can sama da ke cewa “Tsallaka zuwa ainihin bayani”, don kada mutum ya riƙa sauraron jerin sassan ma'aikata arba'in duk lokacin da ya buɗe sabon shafi.

A faɗa wa shafi harshensa: lang="en" ga Turanci, lang="ha" ga Hausa, lang="fr" ga Faransanci. In akwai sakin layi na wani harshe a tsakiya, shi ma a sa masa nasa, don manhaja ta sauya murya idan tana da ita. A nan akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Wasu ofisoshi har yanzu suna buga Hausa da tsofaffin nau'o'in haruffa, inda aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan gurbin wasu alamomi. A ido kalmar daidai take, amma a ƙarƙashi alama ce ta daban, kuma ita manhaja za ta furta a tsakiyar kalma. A koma haruffan Unicode na gaskiya, wato tsarin haruffa na duniya inda ƙ da ɗ da ɓ ke da gurbinsu na kansu.

Sai mahaɗai. Ka tuna jerin nan na Insert da F7. In ya fito da “Danna nan” sau ashirin, bai gaya wa kowa komai ba. Rubuta “Sauke fom ɗin neman tallafin karatu” a matsayin mahaɗin kansa.

Mataki na huɗu: hotuna, da sanarwar da aka ɗauka hoto

Kowane hoto na da gurbin bayani da ake kira alt. In hoton na ɗauke da saƙo, rubuta saƙon a taƙaice: “Taswirar hanyar zuwa ofishin haraji daga babbar tasha”. In na ado ne, bar gurbin fayau, wato alt="", manhaja za ta wuce shi shiru. In ka cire gurbin gaba ɗaya, wasu manhajojin sai su karanto sunan fayil, mutum ya sha lambobi marasa ma'ana. Hoton da shi kansa maɓalli ne, kamar ɗan gilashin bincike, aikinsa ake rubutawa, “Bincika”, ba kamanninsa ba.

Yanzu ga babbar cutar shafukan gwamnatinmu. Sakatare ya buga sanarwa a kwamfuta, a fitar da ita a takarda, oga ya sa hannu, a buga hatimi, sannan wani ya ɗauke ta hoto da waya ko ya yi sikanin ɗinta ya ɗora. Sanarwar ɗaukar ma'aikata, jerin sunayen waɗanda aka kira tantancewa, jadawalin jarrabawa, duk haka ake yi musu. Rubutun da aka fara da shi a matsayin rubutu an mayar da shi hoto, kuma ga makaho shafin babu komai a cikinsa. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe PDF ɗin, ka gwada zaɓar kalma ɗaya ka kwafa. In ba ta zaɓuwa, hoto ne.

Na san dalilin da ya sa ake yin haka, ana son jama'a su ga sa hannu da hatimi su yarda ba ta bogi ba ce. Dalili ne mai ƙarfi, ba sai an yi watsi da shi ba. A ɗora mai hatimin, amma a karɓi asalin fayil daga wurin sakatare a zuba rubutun a shafi kai tsaye, a sama, mai hatimin ya biyo baya a matsayin shaida. Wannan ya fi wa kowa, har da mai gani da ke fama da ƙaramar waya da ƙarancin data, da mai neman sunansa cikin sunaye dubu.

In dole sai PDF, a gyara shi tun daga Word: a yi amfani da salon kanu na cikin manhajar, a sa wa hotuna bayani, a gudanar da mai duba sauƙin amfani da ke cikin Word, sannan a adana shi a matsayin PDF tare da alamomin tsari. Akwai manhaja kyauta mai suna PAC da ke duba PDF bayan an gama. Tsofaffin takardun da asalinsu ya ɓace sai a bi da su ta OCR, mai mayar da hoto rubutu, amma sai mutum ya zauna ya karanta sakamakon, don tana yawan tuntuɓe a kan sunaye da lambobi da haruffa masu lanƙwasa.

Mataki na biyar: fom

A nan ne aka fi zubar da mutane, saboda haka a nan za ka fi daɗewa.

Kowane gurbi ya sami label da aka ɗaure da shi, ta yadda idan mutum ya iso gurbin zai ji “Sunan mahaifi”, ba “gurbin rubutu” kawai ba. Ka gwada da linzami: danna kan kalmar, in alamar rubutu ta faɗa cikin gurbin, an ɗaure su. Rubutun nan mai dishi-dishi da ake sawa cikin gurbi, wanda ke ɓacewa da an fara bugawa, ba ya maye gurbin label. Tambaya mai zaɓi, kamar jinsi ko matakin karatu, a tattara zaɓuɓɓukanta cikin fieldset mai legend, don a ji tambayar kafin a ji amsoshin.

Gurbin da yake dole a rubuta “dole” a jikinsa, jan tauraro kaɗai bai isa ba. Ƙa'ida kuma ta zo kafin gurbi: lambar NIN lambobi 11 ce, kwanan wata rana ce farko sannan wata, hoton fasfo kada ya wuce girma kaza. Kwanan haihuwa a bar mutum ya buga da hannunsa. Ɗan kalandar nan da ke buɗewa a kan watan da ake ciki, wanda sai an ja shi baya shekara talatin, azaba ce ko ga mai ido.

Idan aka yi kuskure, jan layi a gefen gurbi ba ya magana. Bayan an danna “Aika”, a kai mutum saman fom inda aka jera kurakuran da rubutu, kowanne da mahaɗin da zai mayar da shi gurbin, kuma a faɗi gyaran: “Lambar waya ta gaza, ana buƙatar lambobi 11”. Kada a goge abin da ya riga ya cike. Haka saƙonnin da ke fitowa ba tare da shafi ya sake buɗewa ba, irin su “An karɓi hotonka” ko jerin ƙananan hukumomi da ke sauyawa bayan an zaɓi jiha, a sa su cikin yanki mai role="status" don manhaja ta sanar. In ba haka ba mutum zai yi ta jira bai san an gama ba, ko ya sake danna biyan kuɗi karo na biyu.

Lokaci ma abin dubawa ne. Sauraro ya fi kallo cin lokaci, kuma mai amfani da waya ɗaya sai ya fita daga burauza, ya buɗe saƙo, ya saurari lambar OTP, ya riƙe ta a ka, ya dawo. WCAG ta ce a gargaɗi mutum kafin wa'adi ya ƙare, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari da danni ɗaya. A kuma bar mutane su kwafa su liƙa lambar sirri da OTP. Masu toshe liƙawa suna ganin tsaro suke ƙarawa, alhali tura mutum suke yi ya nemi wani ya buga masa, wanda shi ne rashin tsaron na gaske.

Sai CAPTCHA, wannan gwajin na karkatattun haruffa ko “zaɓi hotunan da ke da mota”. An ƙirƙire shi ne don ya hana na'ura wucewa, makaho kuwa da na'ura yake karatu. In za a iya, a cire shi, a koma hanyoyin da ba sa tambayar mutum komai: taƙaita yawan gwaji daga wuri ɗaya, ɓoyayyen gurbin da na'ura ce kaɗai ke cikewa, ko tabbatarwa ta imel. In ba makawa, a sa zaɓin sauraro, kuma kai da kanka ka saurara ka ga ko za ka iya cin gwajin.

Kafin aikawa ta ƙarshe, musamman inda kuɗi ko rantsuwa suka shiga, a nuna shafin da mutum zai ji duk abin da ya cike ya gyara. Kuma ka bi hanyar har cikin shafin kamfanin da ke karɓar kuɗin. Ba naku ba ne, amma ɗan ƙasa bai san wannan ba, ku ne kuka tura shi can. Rasit ya fito a rubutu, ba hoto ba.

Mataki na shida: komai ya yi aiki da madannai

Maɓalli a gina shi da button, mahaɗi da a. Masu gina shafi na son ɗaukar div su yi masa fenti ya yi kama da maɓalli, sai Tab ya tsallake shi kamar babu shi. Jerin zaɓi da ke saukowa sai an ɗora masa linzami, a gyara shi ya buɗe da Enter. Akwatin sanarwa da ke faɗowa kan shafi ya karɓi mutum zuwa cikinsa, ya rufe da Esc, ya mayar da shi inda yake. Zoben da ke nuna inda Tab ya tsaya kada a goge shi don kwalliya. Hotunan oga da ke juyawa da kansu a shafin farko, da rubutu mai gudu, duk abin da ke motsi fiye da daƙiƙa 5 ya sami maɓallin tsayarwa. Sauti kuma kada ya tashi da kansa, yana danne muryar da mutum ke bi.

Game da ARIA, ƙarin alamomin da ake liƙa wa HTML, shawarata ita ce a taƙaita. Wanda aka sa ba daidai ba ya fi rashinsa ɓarna, domin manhaja za ta gaya wa mutum abin da ba haka yake ba.

Mataki na bakwai: masu ragowar gani

Da yawa daga masu larurar gani suna gani kaɗan, kamar masu yanar ido, da masu hawan jinin ido, da zabiya, da dattawa 'yan fansho. Su girman rubutu da bambancin launi ne damuwarsu. Ƙaramin rubutu na buƙatar bambancin 4.5 da 1 tsakaninsa da bango, babba 3 da 1. Muna son kore da fari, amma kore mai haske a kan fari yakan faɗi wannan gwajin, sai a auna a ƙara masa duhu. Ƙara girman shafi zuwa kashi 200 cikin ɗari ka ga ko rubutu ya hau kan juna. Kada a kulle zuƙowa a waya, kuma kada launi kaɗai ya bambanta wanda ya ci da wanda ya faɗi.

Jadawali ya zama na gaskiya, kanun ginshiƙansa da th. Bidiyon da ke nuna lambar waya ko ranar rufewa a rubuce, mai magana ya furta su da baki.

Mataki na takwas: gwaji

Fara da na'ura. WAVE, da axe DevTools, da Lighthouse da ke cikin Chrome, duk za su kamo hoto marar bayani, da gurbi marar suna, da launi mai rauni. Amma wani kaso kawai suke kamawa. Na'ura za ta ga an cike alt, ba za ta san an rubuta “hoto1” a ciki ba. Maki 100 a Lighthouse ba shaidar gamawa ba ce.

Gwajin gaske sai da makafi. Ƙungiyar Makafi ta Najeriya, da makarantun masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki a Kano ko ta makafi da ke Gindiri, da ɗalibai makafi a jami'o'i, nan za ka nemi masu gwaji. Haɗa ƙwararre da wanda bai daɗe da fara amfani da waya ba, maza da mata. Ka bar kowa ya yi amfani da na'urarsa da saitinsa. Ba shi aiki, “Malam, a nemo mana ranar rufe fom, a cike shi”, sannan ka kama bakinka. In ya maƙale kada ka miƙa hannu, ka rubuta wurin. A yi amfani da bayanan gwaji, ba lambobinsa na gaskiya ba. A biya shi kuɗin aikinsa da na mota, domin aikin ƙwararru ya yi muku.

Za a zo muku da tallan wata 'yar manhaja da ake liƙawa a shafi, mai ɗan maɓalli a kusurwa, a ce layi ɗaya ya gama komai. A yi hattara. A 2025 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sa kamfanin accessiBe biyan dala miliyan 1 kan iƙirarin cewa manhajarsa na iya sa kowane shafi ya cika ƙa'idar WCAG. Gyara a cikin ginin shafin ake yin sa.

Mataki na tara: kada gyaran ya warware

Yawancin shafukan gwamnati 'yan kwangila ke ginawa, saboda haka maganar ta shiga takardar kwangila tun farko: shafi zai cika WCAG 2.2 hawa na AA, za a gwada da NVDA da TalkBack, kuma ba za a saki kason ƙarshe na kuɗi ba sai makafi masu gwaji sun kammala ayyukan da aka jera ba tare da taimako ba. Abin da ba a rubuta ba, ɗan kwangila zai kira shi ƙarin aiki ya nemi ƙarin kuɗi.

Bayan an miƙa shafi, jami'in yaɗa labarai da sakatarori ne ke ɗora abubuwa kullum, kuma a hannunsu gyara ke lalacewa. Zaman rabin yini ya isa a koya musu kanu, da bayanin hoto, da sunan mahaɗi, da haramcin ɗora sanarwa a hoto kaɗai. A saita manhajar ɗora labarai ta ƙi karɓar hoto sai an cike bayaninsa ko an nuna na ado ne. Wannan ƙa'idar ta bi su har Facebook da X, inda su ma akwai gurbin bayanin hoto, kuma rubutun sanarwa ya shiga jikin saƙon.

A ƙasan kowane shafi a sa mahaɗi zuwa bayanin sauƙin amfani, irin wanda dokar Birtaniya ta 2018 ta wajabta wa hukumominta: me ke aiki, me bai gyaru ba tukuna, yaushe za a gyara, wa za a tuntuɓa. A sa lambar waya da imel da ake dubawa da gaske, a ɗora alhakin amsawa a kan jami'i guda da aka sani da muƙaminsa, a kuma faɗi cikin kwana nawa zai amsa. Duk lokacin da aka sauya fom ko aka buɗe sabon shafin ɗaukar ma'aikata, a maimaita gwajin kunne da madannai kafin a sanar da ranar buɗewa, domin fom mai wa'adin mako biyu ba ya jiran gyara.